Leonhard Euler: Masanin lissafin da makanta ba ta hana shi bin sawun wata ba

A cikin masanan da suka aza harsashin ilimin lissafi na zamani, da wuya a sami wanda ya bar rubutu mai yawa kamar Leonhard Euler, ɗan ƙasar Suwizalan, wanda ake furta sunansa Oila. Jerin ayyukansa da masanin tarihi ɗan ƙasar Suwidin, Gustaf Eneström, ya tattara ya ƙunshi littattafai da maƙaloli 866. Kusan rabinsu ya samar da su ne a shekaru 17 na ƙarshen rayuwarsa, lokacin da ganinsa ya yi ta dusashewa har ya makance gaba ɗaya.

Bincikensa ya shafi tafiyar wata da duniyoyin da ke kewaya rana, da motsin ruwa da iska, da kuma fannin ƙirga hanyoyin da za a iya jera abubuwa ko haɗa su. Da dama daga cikin alamomin da ɗalibai ke rubutawa yau a darasin lissafi, kamar f(x) da e da i, daga alƙalaminsa suka fito, kuma shi ne ya yaɗa amfani da alamar π.

Tasowa a Basel

An haifi Euler ranar 15 ga Afrilu, 1707, a birnin Basel. Mahaifinsa, Paul Euler, limamin coci ne, mahaifiyarsa kuma, Marguerite Brucker, 'yar gidan malaman addini ce. Ba da jimawa ba iyalin suka koma ƙauyen Riehen da ke kusa da birnin, inda yaron ya fara karatu a hannun mahaifinsa, wanda shi ma ya taɓa ɗaukar darasin lissafi wajen Jacob Bernoulli.

Yana ɗan shekara 13 ya shiga Jami'ar Basel a 1720. A can ya haɗu da Johann Bernoulli, ƙanen Jacob, ɗaya daga cikin manyan masana lissafi na Turai a wancan zamani. Saboda yawan aiki, Bernoulli bai amince ya ba shi darasi na musamman ba. Ya dai umarce shi da ya riƙa karanta littattafai masu wuya da kansa, ya kuma ba shi izinin zuwa gidansa kowace Asabar da duk abin da ya shige masa duhu.

A 1723 Euler ya sami digiri na biyu da wani nazari da ya kwatanta tunanin Descartes da na Newton. Burin mahaifinsa shi ne ya gaje shi a aikin coci, har ma ya fara karatun addini, amma Bernoulli ya shawo kan uban ya bar ɗansa ya rungumi lissafi.

A 1727 ya shiga gasar da Cibiyar Kimiyya ta Faris ke shiryawa, wadda a shekarar ta tambayi inda ya fi dacewa a kafa dogayen sandunan da ke riƙe filafilan jirgin ruwa. Matashin da ya tashi a ƙasar da ba ta da teku ya zo na biyu, bayan Pierre Bouguer. Daga baya ya ci kyautar wannan gasa har sau 12. Sai dai a gida ya nemi kujerar koyar da fiziks a Jami'ar Basel bai samu ba, abin da ya sa ya amsa gayyatar abokinsa Daniel Bernoulli, ɗan malaminsa, zuwa Rasha. Tun da ya bar Basel bai sake taka ta ba.

Zaman farko a Rasha

Ya isa birnin St. Petersburg a watan Mayun 1727, watan da Sarauniya Catherine ta Farko ta rasu. Sabuwar Cibiyar Kimiyya da Sarki Peter Mai Girma ya assasa ta shiga halin ƙa-ƙa-ni-ka-yi, domin masu riƙe da mulki a lokacin ba su yarda da baƙin masana ba, sun kuma rage mata kuɗi. Euler ya daure. A 1733, da Daniel Bernoulli ya koma gida, sai aka ba shi jagorancin sashen lissafi yana ɗan shekara 26. A watan Janairun 1734 ya auri Katharina Gsell, 'yar wani mai zane ɗan Suwizalan. Sun haifi 'ya'ya 13, amma biyar ne kawai suka wuce ƙuruciya.

Sunansa ya fara kewaya Turai a 1735 lokacin da ya warware wata matsala da Pietro Mengoli ya gabatar tun 1650, wadda ta gagari 'yan gidan Bernoulli. Tambayar ita ce: idan aka tara ɗaya, da ɗaya bisa huɗu, da ɗaya bisa tara, da ɗaya bisa 16, aka ci gaba haka babu iyaka, ina jimillar za ta tsaya? Euler ya nuna cewa amsar ita ce π a ninka da kanta a raba shida, wato kusan 1.645. Masana sun yi mamakin yadda lambar da aka sani wajen auna da'ira ta ɓullo a cikin tarin lambobin da babu da'ira a cikinsu.

A wannan shekara ce kuma ya duba wata tambaya da mazauna birnin Königsberg, wanda yau ake kira Kaliningrad, suke wasa kwakwalwa da ita. Kogin Pregel ya raba birnin yanki huɗu, gadoji bakwai kuma sun haɗa yankunan. Shin mutum zai iya zagaya birnin ya tsallaka kowace gada sau ɗaya tak? Euler ya ajiye batun tsawon tituna da girman yankuna gefe, ya dubi yadda suka haɗu kawai. Duk yankin da mai tafiya ya shiga ta wata gada, dole ya fita ta wata, saboda haka adadin gadojin kowane yanki sai ya zama cika, in ban da inda ya fara da inda ya ƙare. A Königsberg kuwa yanki ɗaya na da gadoji biyar, sauran ukun suna da uku-uku, duka mara ke nan. Don haka zagayen ba zai yiwu ba. Daga wannan hujja aka gina ilimin nazarin mahaɗa da layuka, wanda ake amfani da shi yau wajen tsara hanyoyin sufuri, layukan wutar lantarki da intanet.

A 1736 ya wallafa littafinsa mai juzu'i biyu, Mechanica, inda ya sake fasalta ilimin motsi na Newton da lissafin kalkulas maimakon zane-zanen da Newton ya dogara da su. Amma lafiyarsa ta fara taɓuwa. Zazzaɓi ya kusa kashe shi a 1735, kuma zuwa 1738 idonsa na dama ya kusa mutuwa ɗungurungum. Shi da kansa ya ɗora laifin a kan aikin zana taswirar Rasha da cibiyar ta ɗora masa.

Shekaru 25 a Balin

Rikicin siyasa da ya biyo bayan rasuwar Sarauniya Anna a 1740 ya sa Euler ya karɓi gayyatar Sarki Frederick na Prussia, ya koma Balin a 1741. A can ya rubuta ayyuka kusan 380, ciki har da manyan littattafan 1748 da 1755 waɗanda suka zama abin koyi wajen koyar da kalkulas. Ya kuma riƙe ayyukan yau da kullum na Cibiyar Kimiyya ta Balin, kamar kula da ɗakin duban taurari, da lambun tsirrai, da buga kalandar da cibiyar ke samun kuɗin shiga da ita.

Tun kafin ya bar Rasha, a 1740, masanin lissafi Philippe Naudé ya aiko masa da tambaya daga Balin: ta hanya nawa za a iya rubuta 50 a matsayin jimillar lambobi bakwai da babu biyu masu kama da juna? Euler ya ba da amsa, 522, ya kuma ƙirƙiro hanyar da ke warware duk tambayoyi irin wannan ba tare da an zauna ana ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya ba. Da ita ya tabbatar da cewa yawan hanyoyin raba kowace lamba zuwa lambobi mabambanta daidai yake da yawan hanyoyin raba ta zuwa lambobin mara zalla. Misali, shida na rabuwa ta hanyar farko gida huɗu: 6, da 5+1, da 4+2, da 3+2+1. Ta hanya ta biyu ma gida huɗu ne: 5+1, da 3+3, da 3+1+1+1, da ɗaya sau shida.

A wata wasiƙa da ya rubuta wa abokinsa Christian Goldbach a 1750, ya bayyana wata ƙa'ida game da siffofi masu fuskoki shimfiɗaɗɗu: idan aka ɗauki adadin kusurwoyi, aka cire adadin gefuna, aka ƙara adadin fuskoki, amsar biyu ce. Akwati na da kusurwa 8, gefe 12, fuska 6. Dalar Masar na da kusurwa 5, gefe 8, fuska 5. Duka biyun biyu suke bayarwa.

Takaddama kan wata

Babban aikin da ya fi ɗaukar hankalinsa a kimiyyar sararin sama shi ne tafiyar wata. A 1687 Isaac Newton ya bayyana dokar janyowa, wadda ta ce kowane jiki na jan ɗan'uwansa, kuma idan nisan da ke tsakaninsu ya ninka biyu, ƙarfin jan na raguwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Dokar ta yi bayanin tafiyar jiki biyu sarai. Amma wata yana tsakanin ja biyu ne, na duniya da na rana, kuma lissafin jikkuna uku ba shi da amsa guda da za a rubuta a huta. Sai dai a riƙa kusantar amsar mataki-mataki.

A nan matsala ta taso. Wurin da wata ya fi nisa da duniya a kewayensa ba ya tsayawa guri ɗaya, yana zagayowa ne cikin kusan shekara tara. Lissafin Newton ya ba da rabin wannan sauri kawai. A shekarun 1740, Euler da masanan Faransa biyu, Alexis Clairaut da Jean d'Alembert, kowa ya yi nasa lissafin, kuma duka suka sake samun rabi. A 1747 Clairaut ya sanar a Faris cewa dokar Newton na buƙatar gyara. Euler ma ya karkata ga wannan ra'ayi, domin dama yana ganin cewa ƙarfin janyowa na ratsawa ne ta wani siririn abu da ya cika sarari, saboda haka ba lallai ne dokar ta yi daidai ɗari bisa ɗari ba.

A 1749 Clairaut ya janye maganarsa. Ya gano cewa kuskuren na masu lissafi ne: wasu ƙananan adadi da kowa ke watsarwa saboda ƙanƙantarsu, su ne ke ɗauke da rabin da ya ɓace. Euler ya sake nasa lissafin bai ga hakan ba. Sai ya ba Cibiyar St. Petersburg shawarar ta sanya batun a matsayin gasa, shi kuma yana cikin alƙalai. Da aikin Clairaut ya zo hannunsa ya duba, ya amince cewa abokin hamayyarsa ne ke da gaskiya, ya yaba masa, aka kuma ba Clairaut kyautar. A 1753 Euler ya wallafa nasa littafin kan tafiyar wata, wanda ya tabbatar da dokar Newton ta wata hanya daban.

Wannan takaddama ta shafi rayukan matuƙa jirgin ruwa. A tsakiyar teku, matuƙi na iya sanin nisansa daga arewa ko kudu ta duban rana, amma sanin nisansa gabas ko yamma na buƙatar ya san ƙarfe nawa ne a tashar da ya baro, domin bambancin awa ɗaya daidai yake da digiri 15. A watan Oktoban 1707, shekarar da aka haifi Euler, jiragen yaƙin Birtaniya huɗu sun tarwatse a duwatsun tsibiran Scilly, mutum fiye da 1,400 suka halaka. A 1714 majalisar dokokin ƙasar ta sanya ladar da ta kai fam 20,000 ga wanda ya kawo mafita. Wata kan gusa kusan faɗin kansa a kowace awa a tsakanin taurari, don haka zai iya zama agogo a sama idan an san inda zai kasance a kowane lokaci. Masanin taurari na Göttingen, Tobias Mayer, ya yi amfani da hanyoyin Euler ya tsara jadawalin wata mai inganci. A 1765 majalisar ta ba matar marigayi Mayer fam 3,000, ta ba Euler fam 300, kuma a kan wannan jadawali aka gina kundin matuƙa na Birtaniya da ya fara aiki a 1767.

Tsamin dangantaka da sarki

Duk da wannan ɗaukaka, jinin Euler bai haɗu da na Sarki Frederick ba. Sarkin na son masu iya zance da barkwanci irin Voltaire, Euler kuwa mutum ne mai sauƙin kai da riƙon addini, wanda ke tara iyalinsa addu'a kowane dare. Frederick ya riƙa yi masa ba'a da ido ɗaya, ya kuma ɗora masa laifin gazawar maɓuɓɓugan ruwa na fadarsa ta Sanssouci, alhali Euler ya yi gargaɗi tun farko game da ƙarfin bututun da ake buƙata. Bayan rasuwar shugaban cibiyar, Maupertuis, a 1759, Euler ne ya ci gaba da tafiyar da ita, amma sarkin ya hana shi muƙamin, ya yi wa d'Alembert tayinsa.

Rasha kuwa ba ta manta da shi ba. A 1760, lokacin Yaƙin Shekara Bakwai, sojojinta sun washe gonarsa da ke Charlottenburg. Da labari ya kai ga hukuma, aka biya shi diyya, Sarauniya Elizabeth ta ƙara masa rubul 4,000. A tsakanin 1760 da 1762 ne kuma ya rubuta wasiƙu fiye da 200 ga wata gimbiya ta gidan sarautar Prussia, yana yi mata bayanin haske, sauti da janyowa cikin sauƙin harshe. Da aka buga su littafi, an fassara su zuwa harsuna da dama.

Aiki cikin duhu

A 1766 Sarauniya Catherine ta Biyu ta dawo da shi St. Petersburg da albashin rubul 3,000 a shekara. Ba a daɗe ba yana ta rufe idonsa na hagu. A 1771 gobara ta cinye gidansa, wani ɗan garinsu ne ya fito da shi daga cikin wutar, aka kuma tsirar da yawancin takardunsa. A shekarar aka yi masa aikin cire yanar, ya ga haske na 'yan kwanaki, sannan ganin ya tafi ke nan. A 1773 matarsa Katharina ta rasu bayan kusan shekara 40 da aure. Bayan shekara uku ya auri 'yar'uwarta, Salome Abigail.

Abin da ya riƙe shi shi ne ƙarfin hadda. Yana iya riƙe dogon lissafi a ka, ya rubuta muhimman matakai da manyan baƙaƙe da alli a kan allo, mataimakansa su kwafe su cike sauran. Cikinsu akwai ɗansa Johann Albrecht, da Anders Lexell, da Wolfgang Krafft, da Nicolaus Fuss. Littafinsa na aljabara na 1770 shifta ya yi wa wani hadiminsa da ya koyi ɗinki. A 1772 ya fitar da littafi na biyu kan tafiyar wata mai shafi fiye da 700, kuma a 1775 kusan kowane mako sai ya kammala maƙala ɗaya.

A waɗannan shekaru ya juya ga hatimi, wato murabba'in lambobi da kowane layinsa ke ba da jimilla ɗaya. Fanni ne mai daɗaɗɗen tarihi a duniyar Musulmi. Malamin nan na Katsina, Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu da Larabci kan hanyoyin gina shi tun a farkon shekarun 1730. Daga nazarin hatimi Euler ya kai ga wata tambaya da aka buga a 1782: akwai hafsoshi 36 daga runduna shida, kowace runduna da muƙamai shida. Za a iya jera su sahu shida-shida ta yadda kowane layi, a tsaye da a kwance, zai ƙunshi kowace runduna da kowane muƙami sau ɗaya? Ya yi hasashen cewa ba zai yiwu ba, kuma haka abin yake ga 10, da 14, da 18, da duk lambar da ke barin ragowar biyu idan an raba ta huɗu.

A kan shida ya yi daidai, kamar yadda Bafaranshe Gaston Tarry ya tabbatar a wajajen 1900. A kan sauran kuwa ya yi kuskure. A 1959 da 1960, masana biyu 'yan Indiya, R. C. Bose da S. S. Shrikhande, tare da Ba'amurke E. T. Parker, sun nuna cewa jerin na yiwuwa ga dukkan waɗannan lambobi in ban da biyu da shida. Irin waɗannan murabba'ai su ne masu binciken noma ke amfani da su wajen raba fili idan za su gwada iri ko taki, don kada bambancin ƙasa ya ruɗe sakamakon.

Rasuwa da abin da ya bari

Ranar 18 ga Satumba, 1783, Euler ya yi lissafi kan tashin balan-balan mai ɗaukar kaya, wanda aka fara gwadawa a Faransa a shekarar, ya kuma tattauna da Lexell kan hanyar kewayen duniyar Yuranus da William Herschel ya gano a 1781. Da yammacin ranar jini ya ɓalle masa a ƙwaƙwalwa, ya rasu yana da shekara 76. An binne shi a St. Petersburg.

Hanyar lissafin da ya shimfiɗa a littafinsa na 1744, ta neman tafarkin da ya fi kowane ƙaranci ko yawa a cikin tafarkuna marasa iyaka, wadda Joseph-Louis Lagrange ya inganta, ita ce David Hilbert ya bi a 1915 wajen fitar da ƙa'idojin sabon nazarin janyowa na Albert Einstein. Ƙa'idojin motsin ruwa da iska da ya wallafa a 1757 suna cikin kayan aikin masu binciken yadda tarin taurari suka samu a sararin samaniya. A shekarun 1760 ya gano wurare uku a kan layin da ya ratsa manyan jikkuna biyu, inda ƙaramin abu zai iya tafiya tare da su ba tare da ya sauya matsayi ba, Lagrange kuma ya ƙara biyu a 1772. A kewayen ɗaya daga cikin ukun nan, mai nisan kusan kilomita miliyan ɗaya da rabi daga duniya, aka ajiye na'urar hangen nesa ta James Webb da aka harba a watan Disambar 2021.

Takardun da ya bari sun ishi Cibiyar St. Petersburg bugawa na kusan shekara 50 bayan rasuwarsa. A 1911 masana a Suwizalan suka fara tattara dukkan ayyukansa wuri guda, aikin da ya haura juzu'i 70, kuma ya ɗauki fiye da ƙarni guda ana yin sa.